Haɗaɗɗun Ƙarafa da Bakteriya Masu Bijire wa Magani

1.0 Gabatarwa

A Dutsen Alhaji da ke Ƙaramar Hukumar Bwari, kamar sauran unguwannin gefen Abuja, majinyaci kan sayi kafso a kemis ba tare da takardar likita ba, ya daina sha da zarar ya ji sauƙi. Wannan ɗabi'a tana cikin dalilan da ke sa ƙwayoyin cuta na bakteriya bijire wa magani. Binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa matsalar ta hallaka mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma gwargwadon yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Manufar wannan takarda ita ce bayyana gudummawar ƙarafa wajen tunkarar matsalar.

2.0 Ma'ana

A nan, "ƙarfe" ya haɗa da azurfa da jan ƙarfe da zinariya da dangoginsu. "Haɗaɗɗen ƙarfe" kuwa shi ne ƙwayar zarra ta ƙarfe wadda wasu sinadarai suka kewaye, suka riƙe ta kamar ɗamara. Misali shi ne man ƙuna na azurfa da salfadayazin, wanda Charles Fox ya samar a Amurka a 1968.

3.0 Yadda Yake Aiki

Fatar bakteriya tana da maiƙo, saboda haka tsuran ƙarfe ba ya ratsa ta cikin sauƙi. Ɗamarar nan ce ke sa shi narkewa cikin maiƙon har ya kutsa ciki. Idan ya shiga, sai ya maƙale wa furotin, ya lalata ƙwayoyin gado, ya huda fatar kanta. Magungunan da aka saba kan kai farmaki wuri guda ne, shi kuwa wurare da dama a lokaci ɗaya, don haka kare kai yakan yi wa bakteriya wuya. Wani nazari na 2020 ya gwada haɗaɗɗun ƙarafa 906, aka tarar kashi 9.9 cikin ɗari suna da tasiri, alhali sinadaran da ba su da ƙarfe ba su kai kashi ɗaya ba.

4.0 Kammalawa

Sai dai ƙarfen da ke kashe cuta yana iya kashe mai ita. Gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, kuma kwalli ma yakan ƙunshi dalma. Ke nan wajibi ne manazarta harshe su tanadi kalmomin da za su bambanta wa jama'a ƙarfen da aka ɗaure aka auna da tsuran ƙarfe mai guba.