Ƙudan Tsando da Ciwon Sammore

Jama'a, duk mai shanu ya san sammore. Saniya ta yi ta ramewa ko da ciyawa ta wadata. Gashinta ya tashi, idonta ya riƙa hawaye, nononta ya ragu. Mai ciki ta yi ɓari. Sa ya kasa jan garma.

Ƙudan tsando shi ke kawo wannan ciwo. Yakan ciji dabba marar lafiya, ya sha jininta tare da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Bayan 'yan makonni in ya ciji lafiyayya sai ya sa mata. Ta haka kuma yake sa wa mutum ciwon barci. Ya ɗan fi ƙudan gida girma. In ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar almakashi.

To, tsando yana da rauni. Ba ya jure zafin rana. Da rani sai ya taru a inuwar kurmi, a bakin rafi, daidai inda muke ɗiban ruwa da shayar da dabbobi. Kuma ba ya hayayyafa da yawa kamar sauro. Macen takan haifi tsutsa ɗaya tak wajen kowane kwana 10. Tsutsar ta shige ƙasa a inuwa, sai bayan kamar wata guda ta fito ƙuda. Saboda haka in ana kashe kaɗan kullum, sai ya yi ta raguwa.

Amma mutum ɗaya ba zai iya ba. In ka share mashayarka, maƙwabcinka bai share tasa ba, gobe ƙudan ya dawo. Aikin gayya ne.

An gwada haka a Anchau, ƙasar Zazzau, tun daga 1937. Ciwon barci ya addabi mutane. Aka sare sarƙaƙiyar bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A lokacin, kowace shekara mutanen ƙauyuka suka riƙa fita suna sare abin da ya sake tohowa.

Mu ma mu yi shawara da dagaci da arɗo, a sa rana da rani. A sare ƙananan itatuwa da sarƙaƙiya a mashaya da mahayi, a bar manyan itatuwa. Yanzu akwai tarko na shuɗin ƙyalle da baƙi, gama shuɗi yana jan tsando. A kafa shi a bakin ruwa, a sa wanda zai riƙa dubawa. Ana kuma fesa wa shanu magani a ƙafafu da ciki, inda ƙudan ya fi sauka.

Dabbar da ta kamu a kai ta wurin malamin dabbobi da wuri. Kada mu raba allurar saniya ɗaya ga biyu don tsimi, gama rabin magani ba ya kashe cutar, ƙara mata taurin kai yake yi.