Gudu Ko Nauyi? Yadda Maharba Ke Zaɓen Harsashin Manyan Namun Daji

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa dazuzzukan Tanzaniya da Zimbabuwe da arewacin Kamaru, inda har gobe hukuma ke ba da lasisin farautar manyan namun daji. Akwai wata gardama da ta haura shekara 100 tana tashi duk inda maharban waɗannan dazuzzuka suka zauna hira: wane nauyin harsashi ne ya dace da wace dabba? Sai ku gyara zama.

(KIƊA)

Harsashin bindigar zamani yana da kwanso, da albarushi a ciki, da kuma kai. Kan shi ne ke fita ya je ga dabba, kwanson kuma ya faɗi ƙasa. Saboda haka nauyin da ake bugawa a jikin kwali nauyin kan ne kaɗai, kuma da wani ƙaramin ma'auni ake auna shi da ake kira giren. Giram 1 yana ɗauke da giren 15 da ɗan ɗoriya.

Mu ɗauki samfurin .30-06, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a shekarar 1906, daga baya ya zama ɗaya daga cikin harsasan farauta da suka fi yaɗuwa a duniya. Kaurin kansa bai cika milimita 8 ba. In ka shiga kantin kayan farauta, za a ajiye maka kwalaye huɗu na wannan samfuri ɗaya: mai giren 150, mai 165, mai 180, da mai 220, duk kuma bindiga guda ce ke cin su. Mai giren 150 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 890 a daƙiƙa, mai giren 180 kuwa kusan mita 820. Sabon shiga yana ganin haka sai ya miƙa hannu ga mai gudun. Amma in aka yi lissafin ƙarfin da kowanne ya fita da shi, duka biyun suna wajen jul 3,900 ne. Ko a nisan mita 300, saukar da mai nauyin ke yi ƙasa da ɗan'uwansa ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

To, in ƙarfin kusan ɗaya ne, me ya kawo gardama? Amsar tana cikin jikin dabbar.

Ku dubi ɓaunar gabashi da kudancin Afirka. Ƙaton namiji yakan kai kilo 800. Fatarsa kauri gare ta, sau da yawa kuma busasshen taɓo ya lulluɓe ta. Bayan fata ga tsokar kafaɗa, ga ƙashin dantse, ga haƙarƙari masu faɗi da suka jeru kusa da juna kamar a haɗe. Zuciya da huhu suna can bayan duk waɗannan. In kuma ɓaunar ta ɗan ba ka baya, to harsashi sai ya ratsa tumbi cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa kafin ya isa inda ake so. Harsashi mara nauyi mai tsananin gudu yakan fashe tun a kafaɗa, ya yi rauni mai faɗi amma mara zurfi. Dabbar ta tafi da ciwo, maharbi kuma ya ja wa kansa da masu rakiyarsa masifa.

Abin da ke kai harsashi can ciki shi ne yawan nauyin da ke tura kowane ɗan yanki na goshinsa. A sami ƙusa da kwandala masu nauyi ɗaya, a buga kowanne a jikin katako: ƙusa za ta nutse, kwandala kuwa sai dai ta bar tabo, domin nauyin ƙusa duk ya jeru ne a bayan ɗan tsininta. Masana harsashi suna da lissafin wannan, inda suke raba nauyin kan da kaurinsa da aka ninka da kansa. A samfurin .30-06, mai giren 150 yana ba da 0.226, mai giren 180 kuma 0.271. Ƙa'idar da maharban Afirka suka daɗe suna bi ita ce, dabba mai kaurin fata irin su ɓauna da giwa da dorina tana son harsashin da lissafinsa ya kai 0.300 ko ya wuce.

(KIƊA)

Tarihi ya ba da shaida a kan wannan, ko da yake shaida ce mai ɗaci. Walter Bell, ɗan ƙasar Sikotilan da aka fi sani da Karamojo Bell saboda yankin Karamoja na Yuganda inda ya yi suna, ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na 20, lokacin da cinikin hauren giwa ke ci. Ɓarnar wancan zamani tana cikin dalilan da suka sa aka kafa dokokin da ake bi yanzu. Abin da ya shafi shirinmu shi ne, mafi yawan giwayen nan da 'yar siririyar bindiga mai milimita 7 ya harbe su, da dogon harsashin soja mai giren 173 wanda ba ya buɗewa, gudunsa kuma bai wuce kusan mita 700 a daƙiƙa ba. In aka yi masa wancan lissafi, 0.306 yake bayarwa.

Ku riƙe wannan adadi. A shekarar 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da samfurin .375, mai kaurin milimita 9.5, wanda har yau shi ne ma'aunin farautar dabbobi masu haɗari a Afirka. Da nauyi uku aka fito da shi: giren 235 don ƙananan dabbobi a fili, 270 don matsakaita, sai 300 don manya. Lissafin mai giren 300 ɗin shi ne 0.305. Ke nan siririn harsashin Bell da ƙaton harsashin Landan tafiyarsu ɗaya wajen nutsewa, bambancinsu faɗin raunin da kowanne ke yi.

Sai dai kada wani ya ɗauka ko wane ne zai iya abin da Bell ya yi. Mutumin nan yakan sa a tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto don ya ga daidai inda ƙwaƙwalwa take, kuma kusa-kusa yake harbi. Waɗanda suka kwaikwaye shi ba tare da wannan sani ba sun raunata dabbobi da yawa, wasu ma sun rasa rayukansu. Shi ya sa hukumomi suka shigo cikin maganar. A Tanzaniya, ba a yarda a fuskanci ɓauna ko giwa da abin da bai kai .375 ba. A Zimbabuwe doka ta nemi kaurin da bai gaza milimita 9.2 ba, da ƙarfin jul 5,300, ga giwa da ɓauna da dorina. Harsashin .375 mai giren 300, da gudunsa na kusan mita 770 a daƙiƙa, yana ba da sama da jul 5,700, ya tsallake wannan sharaɗi ke nan.

(KIƊA)

Masu sauraro, nauyi shi kaɗai ba ya gama magana, domin ƙirar kan harsashi ma tana da nata. A shekarar 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya je farauta lardin Biritish Kolombiya na Kanada. Ya gamu da wata ƙatuwar dabbar dajin sanyi da ake kira mus, jikinta duk taɓo. Ya yi ta harbi da bindiga mai ƙarfi, amma harsasan suna tarwatsewa kafin su shiga ciki. Da ya koma gida sai ya ƙera kan harsashi mai katangar jan ƙarfe a tsakiya: dalmar gaba ta buɗe ta yi rauni, dalmar baya ta tsaya cif tana tura sauran gaba. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition, kuma har yau ana ƙera shi.

Ga yadda ake gane harsashin da ya yi aikinsa. In ana feɗe ɓauna, masu fiɗa sukan shafa fatar ɗaya gefen da hannu, har su ji wani ɗan ƙulli a ƙarƙashinta. A tsaga wurin da wuƙa a ciro shi. Goshinsa ya baje ya kusan ninka kaurinsa na asali, gindinsa kuwa yana nan lafiya lau. Sai a wanke a ɗora a sikeli. In ya fita da giren 300 aka same shi da 270 ko fiye, maharbi ya san ya sami abin dogaro. In kuwa gutsattsarin jan ƙarfe kawai aka tsinta a tsokar kafaɗa, to an yi sa'a ne aka sami naman.

Wannan ne ya sa maharban ɓauna da yawa ke jera harsashi iri biyu a bindiga ɗaya. Na farko mai buɗewa, don harbin da aka yi a natse a gefen kafaɗa. Na ƙarƙashinsa kuma dunƙulallu waɗanda ba sa buɗewa, don in dabbar ta juya baya tana gudu, ko ta taso gadan-gadan. Giwa kuwa dunƙulallen ne tun daga farko.

Zamani ya ƙara wani sauyi. A 1989 kamfanin Barnes ya fito da kan harsashi na zallar jan ƙarfe, babu dalma ko kaɗan, kuma tun daga watan Yulin 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma, saboda gubar da tsuntsaye masu cin mushe ke haɗiya. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka kan jan ƙarfe mai giren 180 ya fi na dalma mai giren 180 tsawo. Kuma da yake kusan ba ya zubar da komai a cikin jikin dabba, maharba sukan sauko mataki ɗaya: wanda ya saba da 180 na dalma sai ya koma 165 na jan ƙarfe.

Tsawon nan kuma yana da ruwa da bututun bindiga. A cikin bututun akwai tsagi a murɗe da ke sa harsashi juyawa don ya tafi a miƙe, kuma dogon harsashi yana son murɗi mai sauri. Kamfanin Remington ya ji a jikinsa. A 1955 ya fito da samfurin .244 da murɗin zagaye ɗaya a inci 12, wanda bai iya riƙe dogon kai mai giren 100 yadda ya kamata ba. A shekarar dai Winchester ya fito da .243 da zagaye ɗaya a inci 10, ya kwashe kasuwa. Sai a 1963 Remington ya sauya wa nasa suna, ya sake fito da shi da murɗi mai sauri. Darasin a nan shi ne, ba a zaɓen nauyi a kan kwali, sai an gwada shi a bindigar da za a shiga daji da ita.

(KIƊA)

Saura kafaɗar maharbi. Duk ƙarin nauyi da ƙarin albarushi, ƙarin duka ne a kafaɗa. Bugun .375 ya kusan ninka na .30-06, na .416 Rigby mai giren 400 kuma ya fi haka nesa. Mutumin da ke tsoron bindigarsa yakan runtse ido ya fizgi kunama, harsashi ya sauka a tumbin dabba maimakon ƙirji. Jagororin farauta sun gwammace baƙo ya zo da .375 da ya iya harbawa, da ya zo da ƙatuwar da ke razana shi.

Masu bin sawu kuwa tun daga jinin da ke kan ciyawa suke karanta sakamako. Jini mai haske da kumfa, huhu ne, dabbar ba za ta yi nisa ba. Jini mai duhu, hanta ce, sai a dakata kafin a bi. In aka ga ruwa kore-kore da tarkacen ciyawa, tumbi aka samu, kuma nan ne hankalin kowa ke tashi, domin ɓaunar da aka raunata takan shige cikin duhuwa ta tsaya tana jiran masu biyo ta.

Idan muka tattara, ga abin da gogaggu suka tsaya a kai. Ga dabbobi masu siririn jiki irin su barewa da mariya, giren 150 a .30-06 ya wadatar. Ga gwanki, wanda yakan doshi kilo 300, irin wanda ake farauta da lasisi a yankunan da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, giren 180 mai ƙira mai ƙarfi ya fi dacewa. Ga ɓauna, giren 300 a .375 shi ne mafari. Daidai ruwa, daidai tsaki. In kuma mutum yana shakka tsakanin nauyi biyu, ya ɗauki mafi nauyin da bindigarsa ke kai wa saiti kuma kafaɗarsa ke iya ɗauka.

Kafin mu yi sallama, a tuna cewa duk wannan magana ta farautar da doka ta yarda da ita ce. Kenya ta hana farautar manyan namun daji tun 1977. A Najeriya, mallakar bindiga sai da lasisi, kuma haramun ne farauta a gandun daji irin su Yankari da Gashaka Gumti. Wanda kuma ya sami izini a inda ake bayarwa, hakkin dabbar da ke kansa shi ne ya gama da ita a harbi ɗaya. In harsashin da ke hannunsa ba zai kai zuciya ba daga inda dabbar ta tsaya, ya sauke bindiga ya bar ta ta wuce.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu wani makon. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)