Saiwar Ginseng da Gajiyar Manomin Tofa

Duk mai cin kasuwar ƙauye irin ta Janguza ya san motar mai magani, lasifika a ka, ana shelar maganin gajiya da ciwon jiki da ƙarfin maza. Yanzu ban da saiwa da sassaƙe na gida, har shayi da ƙwayoyi masu hoton ginseng sun shigo gari. Ginseng saiwa ce da ake nomawa a Koriya da Sin, takan yi shekara 4 zuwa 6 a ƙasa kafin a haƙe ta.

Tun 1947 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Nikolai Lazarev, ya kawo ra'ayin cewa akwai magungunan da ke taimakon jiki ya jure wahala kowace iri. Daga baya aka sa ginseng da ashwagandha ta Indiya a wannan rukuni. Gwaje-gwaje sun nuna wasu kan ji ɗan sauƙin gajiya, sai dai yawancinsu a kan mutane kaɗan aka yi, na 'yan makonni.

Inda tallar ta wuce gona da iri shi ne cewa damuwa tana gajiyar da wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, masu fitar da sinadarin kotizol, wai sai ginseng ke farfaɗo da su. Ƙullutan suna nan, amma wannan cuta babu ita. A 2016 wasu likitoci biyu a Burazil sun bi bincike 58 ɗaya bayan ɗaya, ba su sami hujjarta ba. Abin da ke kassara ƙullutan da gaske yana nan a kemis: daɗewa ana shan dexamethasone, wadda wasu ke haɗiya don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi.

Ita ma ginseng ba kowa take karɓa ba. Tana hana wasu barci, tana sauke sukarin jini, tana kuma rage aikin warfarin, maganin tsinka jini. Mai ciki da mai shayarwa su bar ta. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya kuwa ba shaida ba ce cewa yana warkarwa.

Manomin da ya wuni sunkuye a gonar gero da damina, ga tunanin kuɗin taki, dole ya gaji. In ya huta gajiyar ba ta sake shi ba, to zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ciwon suga da hawan jini su ne abin zargi na farko. Ɗan'uwa, kafin ka miƙa wa mai lasifika kuɗin guminka, je asibiti mafi kusa a auna jininka.