Hausa a Matsayin Harshen Nazari: Daga Ina Zuwa Ina?

Sau da yawa malaman makaranta kan tambaye ni yaushe aka fara rubuta ilimi mai zurfi da Hausar boko. Abin da nakan ce shi ne, binciken ya bi matakai uku, kuma kowanne da inda ya sa gaba.

A mataki na farko, Hausa abar nazari ce kawai, bayanin kuwa da Turanci ake yin sa. Schön ya buga nahawunsa a 1862, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Abraham kuma a 1949. Ayyuka ne masu nauyi, amma an yi su ne domin baƙon da ke son sanin harshen.

Mataki na biyu shi ne daidaita rubutu. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, sannan na Yamai a 1980 don kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar.

Mataki na uku ya fi muhimmanci a wurina, wato samar wa Hausa kalmomin da za ta bayyana kanta da kanta. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969 ta yi hidima a nan. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Masana sun bi hanyoyi uku: aro daga Larabci, kamar "nahawu", ƙirƙira daga tushen Hausa, kamar "aikatau" da "bayanau", da faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar "gaɓa", wadda a da ta jiki ce ko ta kara, yanzu ta kalma ma ce. Wannan ya share fagen Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mai bayyana Hausa da Hausa.

Yanzu ɗalibi kan rubuta kundin digiri na uku da Hausa a fannin harshe, adabi ko al'ada. Sai dai kimiyya da likitanci da shari'ar zamani har yau da Turanci ake koyar da su a jami'o'inmu.

Kirana ga malamai shi ne su riƙa amfani da waɗannan kalmomi a aji. Kalmar da aka ƙirƙira, in ba ta shiga bakin yara ba, a cikin ƙamus za ta tsufa ta mutu.