Daga 'yar takarda zuwa bangon Madrid: yadda Pikaso ya shirya wa zanen Gernika

Duk hadimin da ya taɓa raka tawagar Najeriya hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, mai yiwuwa ya wuce ta gaban wata saƙa da aka rataye a mashigar zauren Kwamitin Sulhu a 1985. Kwaikwayo ce ta Gernika, zanen da Pablo Pikaso ya yi a 1937. Mai kallo kan ɗauka cewa fushi ne ya kwashe mai zanen, ya zuba shi a zama guda. Takardun da ya bari sun nuna akasin haka.

A watan Janairun 1937 gwamnatin Jamhuriyar Sifaniya, wadda ke tsakiyar yaƙin basasa da dakarun Janar Franco, ta nemi Pikaso ya yi mata babban zane domin rumfarta a baje kolin duniya na birnin Faris. Watanni suka shuɗe bai tsayar da abin da zai zana ba. Ranar Litinin, 26 ga Afrilu, jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa garin Gernika na yankin Basque luguden wuta a ranar kasuwarsa. Nan ya samu jigo, amma lokaci ya ƙure.

Duk da haka bai garzaya kan babban ƙyallen ba. Ranar 1 ga Mayu ya ɗauki fensir da ƙananan takardu, ya fara gwaji. Tun a wannan rana bijimi da doki da matar da ke miƙo fitila ta taga suka bayyana. Sai ranar 11 ga wata ya shata layukan farko a kan ƙyallen, mai tsawon kusan mita 7.8 da tsayin mita 3.5. Girmansa ya sa dole aka jingine shi a karkace, shi kuwa yana hawa tsani kafin ya kai ƙololuwarsa. A irin wannan fili, kuskure ɗaya na iya cin aikin kwanaki, alhali a takarda 'yan mintuna ne asararsa. Zanukan gwajin da ya yi sun kai wajen 45.

Shirin bai ɗaure masa hannu ba. Hotunan da Dora Maar ta riƙa ɗauka a ɗakin aikinsa sun nuna cewa da farko akwai hannun sojan da ya faɗi, ɗage sama a dunƙule a tsakiyar zanen. Daga baya ya share shi, rana da ke bayansa kuma ta rikiɗe ta zama fitilar lantarki mai siffar ido. Ya gwada liƙa takardu masu launi, ya cire su, ya tsaya a kan baƙi da fari da ruwan toka. Tun da an riga an daidaita mazaunin manyan siffofi, sauya sashe ɗaya bai rushe sauran ba.

A farkon watan Yuni aikin ya kammala, wato kimanin makonni biyar, kwana goma daga ciki kuwa a kan takarda kawai suka tafi. Rumfar ta buɗe a Yuli, zanen na rataye a cikinta.

Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Pikaso ya bar wasiyya cewa kada a kai aikin Sifaniya sai 'yanci ya dawo ƙasar, saboda haka ya zauna a New York har 1981. Tun 1992 yana gidan adana zane na Reina Sofia a Madrid, inda ake ajiye da takardun gwajin, har da waɗanda ya zana a ranar farko.