Dabarar Kwaikwayon Gado Wajen Jera Furotin: Tashe da Ja da Baya

Furotin sarƙa ce ta amino asid iri 20, kuma masana kan rubuta kowanne da harafi guda. In aka jera sarƙoƙin halittu daban-daban, wannan ƙarƙashin wancan, sai a ga inda suka yi daidai da inda suka saɓa. Saɓanin ba ƙaramin abu ba ne: musayar harafi ɗaya tak, a gurbi na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, ita ce tushen cutar sikila da ta addabi gidaje da yawa a ƙasar Hausa.

Jera sarƙa biyu abu ne mai sauƙi tun da Needleman da Wunsch suka fito da hanyarsu a 1970. Wahalar tana zuwa ne in sarƙoƙin suka yi yawa. Goma kacal, kowacce mai haruffa 300, za su buƙaci lissafin da adadinsa ya kai lamba mai alƙaluma 25. Shi ya sa manhajoji irin su Clustal W ta 1994 suke bi sannu a hankali, su fara da mafi kusanci sannan su ƙara sauran. Suna da sauri, amma in an saka giɓi, wato gurbin da ake bari fanko don haruffa su yi daidai, a inda bai dace ba tun farko, shi ke nan ya zauna.

Wannan rauni ne ya buɗe wa dabarar kwaikwayon gado ƙofa, wadda John Holland ya shimfiɗa tushenta a 1975. A 1996 Cédric Notredame da Desmond Higgins suka fitar da SAGA, manhajar da ke aiki da wannan dabara. Tana ƙirƙirar jeri da yawa, ta auna kowanne, ta haɗa nagartattu su haifi sababbi, ta ɗan gusar da giɓi nan da can, ta zubar da raunana, kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bar wa garke. Sakamakonta ya yi kyau, sai dai tana cin lokaci sosai. Maganin da aka samo shi ne raba aikin ga kwamfutoci da yawa, kowacce da nata rukunin, lokaci-lokaci su yi musayar mafi kyawun jerinsu. Musayar kuwa tana hana duka rukunonin makalewa a kan amsa guda mai rauni.

To, me ya sa dabarar ba ta mamaye fagen ba? Bayanai ne suka yi ambaliya. Rumbun UniProt ya taɓa haura sarƙoƙi miliyan 200, kuma MAFFT ta 2002, MUSCLE ta 2004 da Clustal Omega ta 2011 suna jera dubbai cikin ɗan lokaci. Ga kuma matsalar da ta fi damun mai bincike: da yake akwai sa'a a cikin dabarar, gwaji biyu kan iya ba da amsa biyu. Ƙarin kwamfutoci kuma ba ya gyara ma'aunin da ake auna jeri da shi in tun asali bai dace da yadda furotin yake a zahiri ba.

A ganina, gurbinta a yau shi ne ƙananan dangin furotin masu wuyar jerawa, da tace jerin da wata manhaja mai sauri ta riga ta yi.