Lambun Tunawa da Matafiyi, da Abdulkarimu Bakon Gwandu

Ya ku malamai da fatake, ku saurari labarin wani lambu. A garin Bixby, cikin jihar Oklahoma ta Amurka, kusa da kogin Arkansas, an keɓe fili an dasa itatuwa iri-iri saboda wani marubuci, Washington Irving, wanda ya yada zango a wurin a shekarar 1832, sa'ad da ƙasar take bakin iyaka. Ya bayyana tafiyar cikin littafi a 1835. Zango kawai ya yi ya wuce, amma ga inuwa har yau da sunansa.

To, mu ma an yi mana irin wannan baƙo. Heinrich Barth, Bajamushe, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya taso daga Tarabulus a 1850, ya iso Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sarki bai yarda sun gana ba, domin shi mutum ne mai kaɗaita da ibada. Amma wani malamin gari ya ara wa baƙon Tarihus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ta hannunsa Turai ta fara sanin littafin nan na tarihin Songhai. Ya dai yi kuskure guda, ya jingina shi ga Ahmadu Baba, alhali kuwa na Abdurrahman Assa'adi ne. Ku duba, ya malamai, daga taskar Gwandu ilmin nan ya fita.

Ya yabi ayabar Gwandu da albasarta. Manoman Aliero ba za su yi mamaki ba.

Abin da nake roƙo ga hakimai da attajiran kasuwar Jega shi ne a yanki fili a gefen hanya, tsakanin Karaye da Maiyama ko inda ya sauƙaƙa, a kewaye shi saboda awaki. A dasa kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya da giginya, irin waɗanda gatarin masu gawayi ke cinyewa. Kowace itaciya a rataya mata allo da sunanta, da ajami da boko. A ƙofa kuma a rubuta labarin baƙon da na malamin da ya ba shi aro, sunan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a sama. A fara dashe da saukar damina, a sa mai ban ruwa har rani biyu.